Ranar da na gwada zane a kan dutse saboda uwa da ɗanta

A gidan adana kayan fasaha na Art Institute da ke Chicago na fara ganin zanen. Sai da na nemi izini aka ba ni rana, domin zanen takarda ba a barin sa a bango koyaushe, haske na cinye shi. Aikin James McNeill Whistler ne, Ba'amurken da ya yi yawancin rayuwarsa a Landan da Paris, ya rasu a 1903. A shekarun 1890 ya yi shi, ta hanyar ɗab'in dutse, wato a buga zane daga kan dutse zuwa takarda: mace zaune a kujera, jaririnta a jikinta. Layukan ba su da yawa, wasu kamar za ka hura su tashi. Amma nauyin yaron a hannun uwar nan, wallahi sai da na ji shi a nawa hannun.

Na fito da ƙudurin sai na gwada. Na shiga ajin ɗab'i na yamma, aka ba ni dutsen farar ƙasa irin na Solnhofen ta Jamus, wanda Alois Senefelder ya yi aiki da irinsa lokacin da ya ƙirƙiro wannan hanya a 1796. Sirrinta ɗaya ne, ruwa da maiƙo ba sa shiri. Da alli mai maiƙo ake zanen, sannan a shafe dutsen da ƙaro da ɗigon asid. Da malamar ta buɗe kwalbar na gane shi nan take: ƙaron nan ne da muke jiƙawa a tawadar allo. Idan aka jiƙa dutsen da soso aka bi shi da tawada, sai ta kama inda maiƙo yake kawai, ta ƙyale sauran, sannan a danna takarda a kai ta kwashe zanen.

Yayata na zana, da ɗanta a cinya, daga wani hoto da ke wayata. Kwana uku ina kan fuskarta, har zanen ɗankwalinta ban bari ba. Ina cikin haka na ɗora tafin hannuna a gefen dutsen, ban lura ba. Da aka ɗaga takardar farko, ga shatin hannuna baƙi ƙirin a kan ƙafar yaron, dutse ya sha maiƙon fata. Kuma komai ya juya, yaron da ke dama ya koma hagu. Whistler ya tsallake wannan ta hanyar zana a takarda ta musamman, maɗaba'ar Thomas Way a Landan ta mayar masa kan dutse.

Abin da ya fi damuna ba tabon ba ne. Fuskar ta fito tsaf, amma yaron kamar an ajiye shi ne, ba riƙe shi aka yi ba. Na manta da gwiwar hannu, da yadda kafaɗar uwa ke sunkuyawa ɓangaren da nauyi yake.

Na goge dutsen da ruwa da yashi mai laushi, kusan awa biyu, har ya koma fari. A karo na biyu daga kafaɗar na fara, na shimfiɗa takarda ƙarƙashin hannuna.