Kafin ka nemi shirin binciken lissafi na hutun bazara

Ɗaliban lissafi na Jami'ar Legas da ke Akoka da na LASU a Ojo sukan ji labarin shirye-shiryen bincike na bazara a Amurka su ɗauka kowa na iya nema. Ba haka ba ne. Waɗanda ake kira REU, kuɗin hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, da ke cikinsu na 'yan ƙasar ne da masu takardar zama ta dindindin. Ɗaya daga cikin masu karɓar baƙi shi ne shirin RIPS na cibiyar lissafi ta IPAM a jami'ar UCLA da ke Los Angeles: mako 9, ɗalibai 4 a kowace ƙungiya, kamfani ya kawo matsalarsa, malami ya sa ido. Wajen Fabrairu ake rufe nema, don haka fara bin malamanka kan wasiƙar shaida tun Disamba.

Abin da ya fi ɗaga takardarka shi ne ka taɓa kokawa da bayanai masu datti, kuma wannan ba sai ka ƙetare teku ba. Ɗauki farashin tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas, ka samu dillali ya ba ka littafin cinikinsa, ka gwada hasashen farashin mako mai zuwa da harshen kwamfuta na Python.

Tun wajen shigar da alƙaluma matsala ke farawa. Kwando ba awo ba ne, wani ya fi wani, sai ka auna kaɗan ka mayar da farashin kan kilo. Ranar da ba a rubuta komai ba, bar gurbin yadda yake. In ka cike da sifiri, kwamfuta za ta ɗauka kyauta aka raba tumatir ranar. Duba kwanan wata ma: 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, Excel mai saitin Amurka kuwa 4 ga Maris zai karanta, bai kuma faɗa maka ba.

Kuskuren da ya fi kashe aiki shi ne cakuɗa ranaku kafin a ware na koyar da tsarin hasashen da na gwada shi. Tsarin ya riga ya ga Talata da Alhamis, ina wuyar cankar Laraba? Sakamako zai yi kyau a takarda, a kasuwa ya faɗi. Yanka bisa lokaci: kashi 80 na farko don koyarwa, 20 na ƙarshe don gwaji. Sannan gwada shi da hasashe mafi arha, wato farashin mako mai zuwa daidai yake da na wannan makon. Idan bai doke wannan ba, bai yi komai ba.

Bayanan wata 3 kuma ba su isa ba. Tumatirin noman rani daga Kadawa a Kano yakan cika kasuwa farkon shekara, damina na sauka ya yi ƙaranci, farashi ya hau. Tsarin da rani kaɗai ya sani zai ruɗe a Yuni. Nemi aƙalla shekara 2, shekara irin 2016 da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki kuwa ka yi mata alama daban a rahotonka.