Daga Garwa zuwa Ngaundere da tsohuwar Bitil a zafin Afrilu

Hanyar Garwa zuwa Ngaundere, a arewacin Kamaru, ba ta kai kilomita 300 ba, amma ga motar da iska kaɗai ke sanyaya injinta, hawan ne abin tsoro. Garwa na can ƙasa a kwarin Binuwai, Ngaundere kuwa ta haura mita 1,000 a tudun Adamawa, ga ranar Afrilu da ke wuce digiri 40. Volkswagen Bitil ce mai inji 1600. Ni ke tuƙi, kawuna da ya tsufa a gyaran irinta yana gefe.

Da asuba, tun inji na da sanyi, ya gwada tazarar bawul, milimita 0.15 kowanne, don bawul ɗin da ya matse ƙonewa yake yi. Ya danna fambel da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita 1, ya ce ya yi. Baƙin mai lita 2.5 ne kacal, muka cika shi zuwa layin sama. Wannan mota ba ta da lagireto, fambel ɗaya ke juya janareto da fanka. In jar wutar caji ta kama kana tafe, tsaya nan take, don mai yiwuwa fambel ne ya tsinke, fanka ta tsaya.

Muka haye gadar Binuwai, muka wuce Ngong da Guna lami lafiya. A Mbe muka tsaya cin abinci. Da muka tashi, ko fita gari ba mu yi ba ta fara shaƙewa, ta yi tari, ta mutu.

Kawu bai taɓa kafireta ba tukuna. Ya zare wayar kwayil ya kusanta ta da ƙarfe, na murza makulli, wuta ta yi tsalle shuɗiya. Ashe ba kwayil ba ne, shi ma yakan ɗauke in ya yi zafi. Ya buɗe murfin tanki yana saurare, bai ji tsotson iska ba, wato kafar numfashin tankin ba ta toshe ba. Sannan ya cire ƙaramar wayar kwayil, ya zare tiyon da ke shiga kafireta ya sa bakinsa cikin gora. Na sake murzawa. Fuf, fuf, ko ɗigo babu.

"Ka gani ko, yaro? Man ya tafasa."

Abin da ke faruwa shi ne, da ka kashe inji fanka ta tsaya, zafin da ke jikin silinda sai ya taso ya dafa famfon mai, wanda ke zaune a kan injin kansa. Fetur ya zama tururi, shi kuwa famfon, abu mai ruwa-ruwa ya iya ja, tururi sai dai ya yi ta matsa shi a banza. Shi ya sa matsalar ta fi zuwa bayan ɗan tsayawa, ba a tsakiyar gudu ba.

Muka bar murfin inji a buɗe, ya jiƙa tsumma ya lulluɓe famfon da bututun ƙarfen da ke kawo masa mai. Wani ɗan acaba ya kawo shawarar a kwara wa injin bokiti guda. Kawu ya ce, "A'a, ɗana, kan silinda alminiyon ne, tsagewa zai yi." Bayan kamar minti 20 ta tashi.

Tsumma dai bai gyara komai ba, sai mun san dalilin da ɗakin injin ya yi wannan zafi. Ya zura hannu bayan gidan fanka, inji a kashe, ya zaro baƙar leda da ta manne a bakin shan iska. Robar da ta kewaye injin ma ta yage a gefen salansa, iskar da ta riga ta ɗebi zafi tana dawowa sama fanka na sake zuƙarta. Wannan roba da faifan kwanon da ke rufe injin, masu gyara da yawa na raina su, alhali su ne ke raba iska mai sanyi da mai zafi. Muka toshe da tsohon tif na taya nesa da salansa, muka janye bututun mai daga jikin ƙarfe mai zafi. Filtar roba da wani ya sa tsakanin famfo da kafireta, Kawu ya ce gobara ce ke jira, wurinta can kusa da tanki. Mai sayen zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya, ba zai rabu da filta ba, amma ba nan ake sa ta ba.

A hawan dutsen bayan Mbe na zauna a giya ta uku, kwana mai tsanani in sauko ta biyu. Wanda ya bar ta a ta huɗu yana danna totur, inji na nishi fanka na juyi a hankali, shi ke dafa ta. Da muka samu fili muka tsaya, muka bar ta tana aiki minti biyu kafin kashewa. Kawu ya zaro sandar gwada mai ya riƙe ta a hannu. In ba ta riƙuwa, zafin baƙin mai ya wuce kima.

A Ngaundere aka sa sabuwar roba, aka duba taimin da fitila, aka tsayar da shi a digiri 30 idan an ja totur sosai. Kafin nan yana kan 36.