Wasiƙa daga Harlem: Yusef Salaam da filin da ke titi na 145

New York, Yuli 2023

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na gida. Ina fata an yi Babbar Sallah lafiya, damina kuma ta kankama. Mu nan ranar Arfa ta zo mana da zaɓe, domin a ranar Talata 27 ga Yuni jam'iyyar Democrat ta yi zaɓen fid da gwani na kujerun kansiloli, Musulmi da yawa da azumi a baki suka je rumfa. A mazaɓa ta 9, wato tsakiyar Harlem, Yusef Salaam ne ya yi nasara. Babban zaɓe sai 7 ga Nuwamba, amma a unguwar da 'yan Republican ba su da ta cewa, wanda ya ci fid da gwani ya riga ya ci kujera.

Kada ku ji an ce kansila ku ɗauka irin wanda muka sani a gida ne, mai jiran abin da ciyaman zai yaga masa. Majalisar birnin New York mutum 51 ne, kowane yana wakiltar mutane kusan 170,000, albashinsa dala 148,500 a shekara. Su ne suka amince da kasafin kuɗin bana na dala biliyan 107. Su ke yin dokokin haya da na kasuwanci a bakin titi, su kira shugabannin 'yan sanda su titsiye su da tambayoyi. Sannan akwai wata al'ada da ba a rubuta a doka ba: idan mai kuɗi yana son a sauya masa ƙa'idar gini a wani fili, sauran 'yan majalisa kan bi bakin kansilan wannan unguwa. In ya ce a'a, magana ta mutu.

Labarin Salaam ya fi shi kansa suna. A daren 19 ga Afrilun 1989 aka yi wa wata mata mai shekara 28 fyaɗe da mugun duka tana motsa jiki a gandun shaƙatawa na Central Park. 'Yan sanda suka kwashi yara baƙaƙe da 'yan Latino, daga baya tuhuma ta tsaya a kan biyar: Antron McCray, Kevin Richardson, Raymond Santana, Korey Wise da Yusef Salaam, wanda a lokacin shekararsa 15. An tsare su sa'o'i ana matsa musu har huɗu suka amsa laifi a gaban kyamara. Shi Yusef ba a ɗauke shi a bidiyo ba, domin mahaifiyarsa Sharonne ta iso ta tsayar da tambayoyin, amma wani ɗan sanda ya shaida wa kotu cewa yaron ya amsa da baki. Gwajin DNA bai dace da ko ɗayansu ba. Duk da haka a 1990 aka ɗaure su. Tun kafin a shiga kotu Donald Trump ya sayi cikakken shafi a jaridu huɗu na birnin yana kira a dawo da hukuncin kisa.

Ya yi kusan shekara 7 a kurkuku. A can ya yi karatu har ya samu difloma, ya kuma riƙa limanci ga matasa Musulmi da ke tsare tare da shi. Yakan faɗa da bakinsa cewa ƙissar Annabi Yusuf, wanda aka jefa kurkuku bisa ƙazafi, ita ta riƙe shi. A 2002 wani fursuna mai suna Matias Reyes ya ce shi kaɗai ya aikata, DNA ta gaskata shi, kotu ta soke hukuncin a watan Disamba. Sai a 2014 birnin ya biya su biyar ɗin diyyar dala miliyan 41. A Disambar bara aka sanya wa wata ƙofar Central Park da ke titi na 110 suna don tunawa da su, 'yan taku kaɗan daga benen da Yusef ya tashi.

Da wannan labari ya shiga takara da 'yan siyasa biyu da suka ga jiya suka ga yau. Inez Dickens ta riƙe wannan kujera tun daga 2006 har 2016, yanzu tana majalisar jiha, kuma magajin gari Eric Adams ita ya mara wa baya. Al Taylor fasto ne, shi ma ɗan majalisar jiha. Abin da aka fi sukar Salaam da shi biyu ne: bai taɓa riƙe muƙami ba, sannan shekaru da dama yana zaune a jihar Georgia, sai dab da takara ya dawo. Duka biyun gaskiya ne, amma ba su hana shi ci ba. A nan mai zaɓe kan jera 'yan takara ne, na ɗaya, na biyu, har na biyar, don haka Salaam da Taylor suka haɗa kai, kowa ya ce wa mutanensa su sa ɗayan a na biyu. Salaam ya samu kusan rabin ƙuri'u tun a ƙidayar farko. Kuma kada a ɗauka shi kaɗai ya taso: shugaban jam'iyyar na Manhattan, Keith Wright, yana bayansa, ɗan Wright ɗin ne ma ya jagoranci kamfen.

To, tausayi ya kawo ƙuri'a, kuma ba na ganin laifin duk wanda ya ba shi saboda zaluncin da aka yi masa. Amma ni abin da zan auna shi da shi wani fili ne a mahaɗar titi na 145 da Lenox Avenue. Wani mai gine-gine, Bruce Teitelbaum, ya nemi izinin gina dogayen benaye biyu a wurin, gidaje sama da 900, a tayinsa na ƙarshe kusan rabi masu rangwamen haya. Kansilar da ke kai yanzu, Kristin Richardson Jordan, ta ce bai isa ba, tana son dukkansu su zama na rangwame, mafi yawa kuma na masu ƙaramin ƙarfi sosai. A Mayun 2022 ya janye takardarsa. A Janairun bana ya mai da wani ɓangaren filin tashar ajiye manyan motoci, abin da dokar filin ta ba shi dama ba sai ya nemi izinin kowa ba. In ka bi ta wurin za ka ga waya ta kewaye fili, motocin kaya a ciki, a unguwar da cutar asma ta daɗe tana addabar yara. An nemi gida, an samu hayaƙi. Jordan, wadda ta ci kujerar da ratar ƙuri'a 114 kacal a 2021, ta janye daga takara a watan Mayu.

Salaam ya sa gidaje a gaban komai a kamfen ɗinsa, ya ce yana son a koma teburi a gina. Faɗa ba wuya. Wuyar tana cikin lissafin da ake kira rangwame. Gwamnatin tarayya ce ke fitar da matsakaicin kuɗin shiga na yankin, tana haɗawa har da gundumomin wajen birni irin su Rockland, kuma na bana ya haura dala 120,000 a shekara ga iyali mai mutum uku. Da yawa a Harlem ba sa samun rabin wannan. Sai a gina gida a ce na rangwame ne ga mai samun kashi 80 cikin ɗari na wancan adadi, direban tasi da mai kitso da mai kula da tsofaffi a gida su duba su ga ba da su ake ba. A nan Jordan tana da gaskiya. Kuskurenta shi ne ta riƙe a'a har ta tashi hannu rabbana. Aikin Salaam shi ne ya matso mai filin har ya ba da gidaje masu yawa a farashin da mutanen unguwa za su iya, ba tare da ya kore shi ba. Wannan ciniki ne, kuma mai filin ya daɗe a harkar, tsohon shugaban ma'aikatan magajin gari Giuliani ne.

Kan 'yan sanda ya ba mutane da yawa mamaki. Mutumin da suka lalata wa ƙuruciya bai fito yana cewa a rushe su ba. Maganarsa ita ce a gyara aikin, a daina tsare matasa baƙaƙe ba dalili, amma unguwa tana buƙatar tsaro. Tsofaffin Harlem da suka rayu a zamanin da hodar iblis ta crack ta addabi unguwar abin da suke son ji ke nan, kuma su ne ke fitowa zaɓe. Ya yi maganar ayyukan yi ga matasa da makarantu ma, sai dai a nan bai ce abin da sauran ba su ce ba.

Mutanenmu na Afirka ta Yamma sun cika titi na 116, wanda ake kira ƙaramar Senegal. Akwai 'yan Mali da Gine, akwai Hausawan Nijar da Ghana da Najeriya, ko da yake namu sun fi yawa a Bronx. Kasuwar Malcolm Shabazz da ke nan an kafa ta ne a 1994, bayan an kori masu kasa kaya daga titi na 125. Izinin sayar da kaya a titi, kuɗin tafinta a ofisoshin birni, dokar masu kai abinci a kan keke, duk ta hannun majalisar nan suke bi. Amma ƙuri'armu kaɗan ce. A 2021 majalisar ta yi dokar da za ta bai wa masu katin zama kusan 800,000 damar zaɓen birni, wani alƙali ya soke ta a 2022, maganar tana kotun ɗaukaka ƙara. Waɗanda suka zama 'yan ƙasa kuwa ba su cika fitowa ba. A mazaɓar da ke da mutum 170,000, ƙuri'un da aka kaɗa ranar Arfa ba su kai 12,000 ba. Masallatai uku ko huɗu da za su haɗa kai sun isa su sa kowane ɗan takara ya zo ya cire takalmi ya saurare su. Ga kuma tsarin da birnin ke ninka wa ɗan takara ƙaramar gudummawa sau 8, wato dala 20 ɗinka ta jawo masa 160.

Ana ta murna a masallatai cewa Musulmi ya ci, ni ma na yi. Sai dai mai gidan haya ba ya tambayar addinin kansila kafin ya ƙara kuɗi. Saboda sake shata mazaɓu da aka yi, wa'adin nan shekara 2 ne kacal. A Janairu za a rantsar da shi, a 2025 ya sake fitowa neman ƙuri'a, kuma kafin lokacin ko an fara haƙa harsashi a titi na 145 ko motocin suna nan.

A gaishe da kowa da kowa.

Naku,
ɗan uwanku a Harlem