Ƙimar Yau da Ingancin Rahoton Kuɗi: Inda Masu Bincike Ke Tuntuɓe

Ɗalibai da yawa a sashen akanta kan ɗauki wannan tambaya don kundin digiri na biyu: shin rubuta kadara da ƙimarta ta yau, maimakon kuɗin da aka saye ta, yana ƙara wa rahoton kuɗi inganci? Duk wanda ya zauna ya karanta binciken da aka tara tun shekarun 1990 zai gane cewa tambayar ba ta amsuwa a haka. Sai an faɗi wace kadara, wa ya yanke mata farashi, da kuma wane irin inganci ake nufi. Kundayen da ke lalacewa, galibi tun daga nan suke lalacewa, tun kafin a taɓa kwamfuta.

Ƙa'idar IFRS 13, ɗaya daga cikin ƙa'idojin rahoton kuɗi na ƙasa da ƙasa, wadda ta fito a Mayun 2011 ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2013, ta ce ƙimar yau ita ce farashin da za a karɓa in an sayar da kadara, ko wanda za a biya in an miƙa wa wani bashi, a ciniki na natsuwa tsakanin masu hada-hada a kasuwa, a ranar da ake awo. Ba gwanjon dole ba ne, kuma ba abin da mai kadarar yake ganin ta kai a wurinsa ba. Amurka ta riga da tata ƙa'idar, SFAS 157, a 2006, kuma ƙa'idojin biyu sun raba tushen farashi mataki uku. Mataki na 1 farashi ne da ake gani a kasuwa mai ci, na kadara iri ɗaya sak. Mataki na 2 ana haɗa shi daga alƙaluman da kowa zai iya dubawa, kamar farashin makamanciyar takardar bashi ko kuɗin ruwan da kasuwa ke bayarwa. Mataki na 3 kuwa kamfani ne ke ƙiyastawa da alƙaluman da babu inda wani na waje zai gan su.

A nan ya kamata a daɗe, domin tazarar da ke tsakanin mataki na 1 da na 3 ta fi tazarar da ke tsakanin mataki na 1 da kuɗin saye a wasu lokutan. A ɗauki gini da ke kawo hayar Naira miliyan 50 a shekara bayan an cire ɗawainiya. In mai ƙiyasi ya ce masu saye na neman ribar kashi 10 cikin ɗari, ginin ya kai miliyan 500. In ya ce kashi 8, ya zama miliyan 625. In ya ce 12.5, ya sauko miliyan 400. Gini ɗaya, haya ɗaya, amma tsakanin ƙarami da babba akwai miliyan 225, kuma kamfanin da ya zaɓi ƙimar yau a ƙarƙashin IAS 40, ƙa'idar gine-gine da filayen zuba jari, kai tsaye yake zuba bambancin cikin riba ko asara. Kowanne daga cikin ukun ana iya kāre shi gaban odita. Mai binciken da ya haɗa wannan da hannun jarin da ake cinikinsa kullum, ya kira su duka abu ɗaya, ya gauraya tsaba da ƙaiƙayi ya auna a mudu guda.

Binciken da aka fi ambata a kan matakan nan shi ne na Song, Thomas da Yi na 2010. Sun duba rahotannin wata uku-uku na bankunan Amurka a 2008, suka ga masu zuba jari na ɗaukar dala ɗaya ta mataki na 1 ko na 2 kusan a bakin dala ɗaya, amma ta mataki na 3 sai su rage mata sosai, ta koma wajen kashi 70 cikin ɗari. Ragin ya fi sauƙi a bankunan da shugabancinsu ke da ƙarfi. An yi ta kwafar wannan tsari a ƙasashe daban-daban. Abin da ba a cika karantawa ba shi ne raddin Lawrence, Siriviriyakul da Sloan na 2016. Su sun koma kan asusun zuba jari masu rufaffen adadin hannun jari, inda kusan duk kadarar da ƙimar yau ake rubuta ta, suka tarar mataki na 3 bai gaza sauran ba sosai. Hujjarsu ita ce, a banki yawancin dukiya rance ce da ba a rubuta ta da ƙimar yau, kuma bankin da ya tara kadarar mataki na 3 a 2008 sau da yawa shi ne mai ruɓaɓɓen rance. Ke nan ragin da ake gani yana iya zama na rancen, aka ɗora wa mataki na 3 laifi. Darasin nan ya fi sakamakon farko amfani ga ɗalibi: kafin ka ce wani abu ne ya jawo, nemi abin da ke tafiya tare da shi wanda ba ka sa a lissafi ba.

Yadda ake aikin kansa ba boyayye ba ne. Ana bin tsarin Ohlson na 1995: farashin hannun jari a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kadarar mataki na 1, na 2, na 3, sauran kadarar da ba ta ƙimar yau, basussuka, da ribar shekara, kowanne an raba shi da adadin hannun jari. Kurakuran da ke biyo baya sanannu ne. Na farko, ranar farashi. In shekara ta ƙare 31 ga Disamba, kasuwa ba ta ga rahoton ba a ranar. A Najeriya kamfanonin da ke kasuwar hannun jari na da kwana 90 su miƙa rahoton da odita ya duba, bankuna ma kan ƙara jinkiri saboda jiran amincewar Babban Banki. Farashin ƙarshen Maris ake ɗauka, ko ma mafi kyau, na bayan ainihin ranar da kowane kamfani ya fitar da nasa. Na biyu, adadin hannun jari yana sauyawa in an yi kyautar hannun jari ko an haɗe su, kuma in ba a daidaita farashi da adadin a kan ma'auni ɗaya ba, lissafin ya tashi a banza. Na uku, hannun jarin da kan yi makonni ba a yi cinikinsa ba. Farashin da bai motsa ba ba hukuncin kasuwa ba ne, don haka ba zai zama alƙalin ingancin rahoto ba.

Sai ƙarancin samfuri. Bankunan ajiya da ke kasuwar hannun jarin Najeriya ba su kai ashirin ba. Ko an ɗauki shekara goma, layukan bayanai ba za su kai 200 ba, kuma ba su da 'yanci da juna: banki ɗaya ne ke maimaituwa, shekara ɗaya ce ke dukan kowa. Petersen ya nuna tun 2009 cewa in ba a yi gyara don wannan ba, lissafi kan nuna tabbacin da babu shi. Amma gyaran ma yana son rukunai masu yawa, kuma goma sha wani abu ba yawa ba ne. Gara a rage adadin abubuwan da ake gwadawa, a faɗi iyakar sakamakon a fili.

Ko an yi komai daidai, akwai tambayar da Holthausen da Watts suka ɗaga a 2001: don alƙalami ya tafi tare da farashin hannun jari, shin ya zama mai inganci ke nan? Rahoton kuɗi ba na masu hannun jari kaɗai ba ne. Mai ba da rance, hukumar haraji da mai sa ido kan bankuna duk suna amfani da shi, kuma abin da suka fi so shi ne alƙalamin da za a iya tabbatarwa. Barth, Beaver da Landsman sun mayar da martani a shekarar, kuma har yau ba a rufe muhawarar ba. A ganina kundin da bai ce ga ingancin da yake aunawa ba, ga wanda ya bari, bai cika ba.

Bayan gwajin farashi, hanya ta biyu da ake bi wajen auna inganci ita ce auna yadda shugabannin kamfani ke murɗa riba, ta tsarin Jones na 1991 ko gyaran da Dechow, Sloan da Sweeney suka yi masa a 1995. Tsarin nan an gina shi ne a kan sauyin ciniki, bashin da ake bin abokan ciniki, da injina da gine-gine. Kayan masana'anta ke nan. Ɗora shi a kan banki kuskure ne da ake yawan gani. A banki wurin murɗiya shi ne tanadin da ake warewa don rancen da ba zai dawo ba, kuma shi ake ƙiyastawa. Akwai wani tarko mafi ɓoyuwa. Ribar ƙimar yau da ba a kai ga sayarwa ba, riba ce marar tsabar kuɗi, don haka tana faɗawa cikin ragowar da tsarin ke kira murɗiya. Sai a ga kamfanin da ya fi amfani da ƙimar yau ya fi kowa "murɗiya", alhali lissafin ne ya haifi sakamakon da kansa. Sai an cire wannan ribar tukuna kafin a fara. Wannan ba ya nufin murɗiyar babu ita: Dechow, Myers da Shakespeare sun nuna a 2010 cewa kamfanonin Amurka da ke tattara rance su sayar kan rubuta riba mai yawa daga cinikin a lokacin da sauran ribarsu ta yi ƙasa.

Wanda zai yi aiki da bayanan Najeriya kuma dole ya san inda layin ya karye. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari sun koma IFRS a 2012. Kwatanta kafin 2012 da bayanta ba gwajin ƙimar yau ba ne, domin ƙa'idoji da dama ne suka sauya a tare. IFRS 13 ta zo a 2013. Daga 2016 an fitar da itatuwa masu ba da 'ya'ya, irin su kwakwar manja, daga IAS 41 ta kadarar gona zuwa IAS 16 ta injina da gine-gine, aka bar 'ya'yan da ke kansu a ƙimar yau, abin da ya sauya alƙaluman kamfanonin gona. A 2018 IFRS 9 ta maye gurbin IAS 39 a matsayin ƙa'idar kadarorin kuɗi, rukunan kadara suka sake suna da ma'ana. Sannan a Yunin 2023 aka saki Naira kasuwa ta yanke mata farashi, bankuna suka rubuta riba mai tsoka. Wani ɓangarenta na sake fassara kuɗin waje ne a ƙarƙashin IAS 21, wanda ba awon ƙimar yau ba ne. Wani kuma na yarjejeniyoyin musayar kuɗi ne, wanda shi awon ƙimar yau ne. A Satumbar shekarar Babban Banki ya hana bankuna raba ribar canjin ga masu hannun jari ko kashe ta a hidimar yau da kullum. Wanda ya kwashe su duka a layi ɗaya, shekarar 2023 kaɗai za ta juya masa sakamako.

Batun rikicin kuɗi na duniya na 2008 ba ya buƙatar dogon zance. An zargi ƙimar yau da rura wutar, amma rahoton SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, na Disambar 2008 bai goyi bayan dakatar da ita ba, kuma Laux da Leuz sun kammala a 2010 cewa da wuya ta taka babbar rawa, tunda mafi yawan kadarar bankuna rance ce da ke rubuce a kuɗin asali. Abin da ya fi koyarwa shi ne sassaucin da aka yi wa IAS 39 a Oktoban 2008, wanda ya ba bankuna damar fitar da wasu kadarori daga ƙimar yau, har da komawa baya zuwa 1 ga Yuli. Bankin Deutsche Bank na Jamus ya yi amfani da damar, ya kauce wa rubuta asarar sama da Yuro miliyan 800 a wata ukun Yuli zuwa Satumba, ya fito da riba.

Kuɗin saye ma yana da nasa ɓoyon. Takardar bashi ta Naira 100 mai ruwan kashi 12, saura shekara biyar, in ruwan kasuwa ya hau 18 ƙimarta ta koma wajen Naira 81, amma littafin da ke bin kuɗin asali zai ci gaba da nuna 100. Haka ta faru da bankin Silicon Valley Bank na Amurka: a ƙarshen 2022 yana riƙe da takardun da ya ce zai ajiye har wa'adinsu, kimanin Dala biliyan 91 a littafi, ƙimarsu ta yau wajen biliyan 76, jarin masu bankin gaba ɗaya kuwa kimanin biliyan 16. Gibin yana rubuce a rahotonsa na shekara. Masu ajiya suka nemi cire Dala biliyan 42 a yini ɗaya, aka rufe bankin ranar 10 ga Maris 2023. Bambanci tsakanin abin da aka shigar cikin lissafi da abin da aka ambata kawai a bayanan ƙarshen rahoto fage ne da ɗalibi zai samu abin faɗa a cikinsa fiye da maimaita tsohuwar tambaya.

A wajen kadarar da ba ta kuɗi ba, zaɓi ne ke rikita lissafi. Christensen da Nikolaev sun duba kamfanonin Birtaniya da Jamus a 2013, suka ga in an ba su zaɓi, kaɗan ƙwarai ne ke ɗaukar ƙimar yau don injina da kayan aiki. A gidajen haya ne aka fi ɗaukarta, inda ake samun farashin kwatance. Waɗanda suka zaɓa daban suke tun asali, don haka bambancin ingancin da aka gani tsakaninsu da sauran ba lallai daga ƙimar yau ya fito ba.

Bayanan da ake buƙata da hannu ake tsamo su, shafi-shafi. Sakin layi na 93 na IFRS 13 ya wajabta jadawalin matakai uku, da sulhunta mataki na 3 daga farkon shekara zuwa ƙarshe: abin da aka saya, abin da aka sayar, ribar da ta shiga lissafin riba, da abin da aka ƙaurar daga wani mataki zuwa wani. Ya kuma nemi a bayyana alƙaluman ƙiyasin da yadda ƙima za ta motsa in sun sauya. Sakin layi na 25 na IFRS 7, ƙa'idar bayyana bayanan kadarorin kuɗi, ya nemi ƙimar yau ta kadarorin kuɗi ko da a kuɗin asali aka rubuta su. Rahotanni da yawa na ɗauke da jadawali biyu masu kama da juna, ɗaya na abin da aka auna, ɗaya na abin da aka ambata kawai, kuma haɗa su kan kumbura mataki na 2 da na 3 ninki-ninki, domin rance da ajiya a na biyun suke. A duba ko jimillar jadawalin farko ta yi daidai da jadawalin kadara da bashi, a duba ko alƙaluman dubbai ne ko miliyoyi, na rukunin kamfanoni ne ko na uwar kamfani kaɗai, kuma in rahoton bana ya gyara alƙaluman bara, a riƙe na asali don gwajin farashi, tunda su kasuwa ta gani a lokacin.