Asabar: neman tsani kafin damina

Iskar daren jiya ta ɗaga kwano biyu a rufin ɗakin Inna. Ruwa bai sauka ba, ƙura ce kawai da rugugi, irin sallamar da damina kan yi wa Sakkwato kafin ta shigo. Da safe na duba tsohon tsaninmu da ke jingine bayan kicin, ashe gara ta riga mu. Na danna yatsa a mataki na uku, gari ya zubo.

Kafin in fita na sa ƙanena ya riƙe mini tef muka auna daga ƙasa zuwa bakin kwano: ƙafa 12. Ka'idar da masu aikin rufi ke bi ita ce a janye gindin tsani daga bango ƙafa 1 a kowace ƙafa 4 ta tsawo, wato namu ƙafa 3. Sannan kansa ya zarce bakin rufi da kamar ƙafa 3, don mutum ya samu abin kamawa idan zai taka kwano ko zai sauko. Da na haɗa lissafin, mai ƙafa 16 nake buƙata.

A Babbar Kasuwa na fara tsayawa wurin masu kayan gini. Mai shagon ya fito mini da na alminiyom mai zugewa, sai sheƙi yake, da hannu ɗaya na ɗaga shi. A gefensa an manna takarda mai cewa yana ɗaukar kilo 150, kuma wannan nauyin ya haɗa da mutum da duk abin da ya hau da shi, har guduma da buhun ƙusa. Raina ya biya, ba ƙarya. Sai wani dattijo mai aikin wayarin da ke zaune a benci ya ce, "Samari, ina wayar wuta ta shigo gidanku?" Na ce ta kusurwar ɗakin nan ne da zan hau. Ya girgiza kai. "To bar wanga. Ƙarhe ne, in ya taɓa waya ba ya tambayar ko kai wane ne." Ya ce su masu wayarin tsanin faiba suke so, wato wata irin roba mai ƙarfi, don ba ya jan wuta, sai dai tsada. In babu hali, katako busasshe, amma ko shi da zarar ya jiƙe an daina amince masa. Ni kuma na tuna wani abu: alminiyom da ya sha ranar garin nan ta sama da digiri 40, ko safar hannu ka sa sai ka ji a jikinka.

Mai shagon bai ji daɗi ba, ya koma tallata mini mai ƙafafu huɗu, wanda ake buɗewa ya tsaya da kansa. Wannan na cikin ɗaki ne, na sauya ƙwan lantarki da goge fanka da taɓa silin. Ba a naɗe shi a jingina da bango, ba a kuma taka ƙololuwarsa. Uwargida ta daɗe tana mitar hawa kujera bisa tebur da ake yi a gidanmu, don haka ya shiga lissafin ƙarshen wata.

Bayan Azahar na je wurin kafinta. Akwai wasu da ya gama, an shafe su da shuɗin fenti, na ce ban so, fenti na ɓoye tsaga da ƙulli. Abin da na fi tsayawa a kai shi ne matakan. Galibi ɗora su kawai ake yi a fuskar katakon a buga ƙusa biyu, duk nauyin mutum ya rataya a kan ƙusar. Na ce ya fafe wa kowane mataki gurbi ya zauna ciki, tazara ƙafa 1 daidai wa daida. Ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, kai ma ka taɓa aikin ne?" Ya ƙara kuɗi, muka ɗan ja, na ba da kafin alƙalami.

Ya ce Litinin bayan La'asar. Keke Napep ba zai ɗauki tsani mai ƙafa 16 ba, sai dai mai amalanke, kuma har yanzu ina tunanin yadda za mu karya kwanar lungunmu da shi.