Mako na shida: jan sautin jita da kwamfiresa ba tare da ya yi kaushi ba

'Yan uwa masu koyo, aikin wannan makon a zaman da muke yi nan Gombe shi ne yadda za a sa sauti ya daɗe bayan an kaɗa tsirkiya, alhali muryar jitar tana nan tangaram, ba a cika mata distoshan, wato kaushin sauti, ba.

Ku fara riƙe wannan. Mai goge yana iya tsayar da sauti ɗaya iya son ransa, domin izgarsa ba ta daina gogar tsirkiya ba. Jita kuwa 'yar uwar garaya ce: kaɗawa ɗaya, sautin ya fito da ƙarfi, daga nan sai raguwa. Kwamfiresa, wato na'urar daidaita ƙarfin sauti da ake sawa tsakanin jita da amfilifaya, ba ta ƙara wa tsirkiya motsi ko kaɗan. Aikinta kamar na wanda ya ɗora hannu a kan maɓallin ƙara ne, ya rage lokacin da sauti ya buga da ƙarfi, ya saki a hankali yayin da yake mutuwa. Da tazarar da ke tsakanin farko da ƙarshe ta ragu, sai kunne ya ji kamar sautin ya yi tsawo. In tsirkiya ta tsaya cak, babu abin da za a ɗaga sai ƙugin lantarki.

Saboda haka kwana biyun farko ba mu taɓa feda ba, wato ɗan akwatin kwamfiresa da ake takawa da ƙafa, jitar muka duba. A cire wayar jita daga amfilifaya, a danna tsirkiya ta uku a firet na 7 (firet su ne ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita), a kaɗa, a auna da agogon waya daƙiƙa nawa take kaiwa, a rubuta. Abu uku ne suka fi cinye sauti a nan. Tsofaffin tsirkiya: gumi da ƙurar hunturu suna cika ramukan masu kauri, su dushe, don haka a goge da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗi, in sun yi tsatsa a canza. Sai bushewar iska, wadda kan sa katakon wuyan jita ya motsa, tsirkiya ta riƙa taɓa firet tana zizz. Duk inda kuka ji haka, sauti yana zubewa a wurin. Na uku shi ne wanda mutane ba sa zato: fikof, wato abin da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar sautinta, in aka ɗaga shi sama da yawa. Maganaɗisunsa yana jan tsirkiya ya hana ta lilo. A danna firet na ƙarshe, a auna tsakanin tsirkiya da kan maganaɗisu. Ga fikof mai naɗi ɗaya irin na jitar Stratocaster, wajen milimita 2 zuwa 2.4 a gefen masu kauri, milimita 1.6 zuwa 2 a gefen sirara. A murɗa sukurori rabin zagaye, a saurara, sannan a ƙara.

Jerin haɗa kaya: jita, tuna (mai saita tsirkiya), kwamfiresa, obadiraib (mai sa sauti kauri) in akwai, sannan dile (mai maimaita sauti) da ribab (mai amsa-kuwwa), sai amfilifaya. In aka sa kwamfiresa bayan ribab, za ta ɗaga wutsiyar amsa-kuwwar ta cakuɗa komai.

Da fedar kwamfiresa Boss CS-3 muka yi gwajin, mai maɓalli huɗu: Level (ƙara), Tone (launin murya), Attack (saurin kamu), Sustain (jan sauti). Ku ɗauki kowane maɓalli kamar fuskar agogo. A sa Sustain a ƙarfe 11, Attack a ƙarfe 1, Tone a ƙarfe 12. Sannan a daidaita Level ta hanyar taka feda a kunna a kashe, har ƙarar ta zo ɗaya a duka biyun. Kada ku tsallake wannan matakin. Kunne yana son abin da ya fi ƙara, kuma in Level ya yi sama za ku ɗauka sauti ya gyaru alhali ƙara kawai aka yi. Bayan an daidaita, a riƙa ɗaga Sustain kaɗan-kaɗan ana maimaita awon nan na firet na 7. A ganina tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 2 amfanin yake. Daga ƙarfe 3 zuwa sama, kaɗawa a hankali da kaɗawa da ƙarfi duk su zama ɗaya, jita ta rasa lafazi, ko shafar yatsa a kan tsirkiya sai ta fito ɓaro-ɓaro.

Attack ya fi rikita masu koyo. Shi ke cewa yaushe kwamfiresa za ta cafke sauti. In ta cafke nan take, wannan "tas" ɗin na farkon kaɗawa ya ɓace, sautin ya zama lagwas. In aka ɗan jinkirta ta, "tas" ya wuce tukuna, sannan ta riƙe sauran. A CS-3, murɗawa dama ke fito da shi. Mai MXR Dyna Comp ba shi da wannan zaɓin, maɓallansa biyu ne, Output da Sensitivity. Ya bar Sensitivity ƙasa da rabi, ya cike da Output. Wanda fedarsa ke da Blend, wato maɓallin gaurayawa, kamar Keeley Compressor Plus, ya huta: ya matse sosai, ya gauraya da asalin sautin wajen rabi da rabi.

Masu aiki da kwamfuta ko miksa za su ga lambobi a maimakon agogo. Rabon 4:1 yana nufin in sauti ya haura iyakar da aka sa da desibel 8, desibel 2 kaɗai za su wuce. Ku fara da 4:1, a kama bayan milisakan 20 zuwa 30, a saki a milisakan 300 zuwa 500, a sauke iyakar har mita ta nuna ana rage desibel 4 zuwa 6 a kaɗawa mai ƙarfi. In sakin ya yi sauri, za ku ji sautin yana hawa da sauka kamar mai haki.

Yanzu matsalar da ta fi damunmu: ƙugi. Wutarmu 50 Hz ce, kuma fikof mai naɗi ɗaya yana tsintar ƙuginta daga iska. Desibel 10 da kuka ƙara wa wutsiyar sauti, desibel 10 kuka ƙara wa ƙugin. A ɗakin da ake kan janareto ko inbata, ga cajar waya a soket ɗaya, ga regiletar fanka a bango, abin yakan yi muni. A fara gwada feda da batir mai bolt 9. In ƙugin ya ragu, laifin adafta ne, a nemi mai tsabtataccen bolt 9 wadda tsakiyar bakinta negetif ne, kuma kada a jona fedar dile mai aiki da dijital a kanta. A cire cajoji daga layin amfilifaya. A juya jiki da jita a hankali, akwai kusurwar da ƙugin ke faɗuwa, a tsaya a nan. A yawancin Stratocaster na zamani, matsayi na 2 da na 4 na suwic ɗin zaɓen fikof suna kashe shi. Wayar jita kada ta wuce mita 6. Kuma don Allah kada kowa ya cire ƙafar at, wato ƙafa ta uku mai kai wuta ƙasa, ta fulogin amfilifaya don neman shiru. Tsirkiyar da ke hannunku a haɗe take da jikin na'urar, wuta na iya jan ku.

In har yanzu ana son ƙari, a bi bayan kwamfiresa da obadiraib, Drive a ƙarfe 8 ko 9, iya inda sauti zai yi kauri bai fashe ba. A koma fikof na wuya, a tsaya kusa da sifika domin iskarta ta riƙa taɓa tsirkiya. Hannun hagu ma yana da rabonsa: yatsa dab da bayan firet, sannan a girgiza tsirkiya a hankali bayan sautin ya zauna.

Aikin gida: awo uku a firet na 7, ɗaya babu feda, ɗaya Sustain a ƙarfe 12, ɗaya a ƙarfe 2, duk da ƙarfin kaɗawa ɗaya. Ku ɗauki kowanne a waya daga nisa ɗaya, ku zo da su zama na gaba, inda za mu ɗora dile mai milisakan 350 a kai.