Abin da Ba a Rubuta a Takarda Ba

Karatun lauya na yi shi ne a kan tsarin Ingila, inda hukuncin alƙalan baya yake zama jagora ga na bayansu. Daga bisani aiki ya kai ni Faransa, inda kusan kowace magana take komawa ga kundin dokoki da aka kafa tun 1804, zamanin Napoleon. Tun daga nan nake tsakanin gidajen nan biyu. Da farko na ɗauka idan na iya harsunan biyu, na gama. Ashe ko tsani ban taka ba.

Aikina na farko mai nauyi shi ne yarjejeniyar ciniki tsakanin wani kamfanin Ingila da muke wakilta da wani na Faransa. Na zauna na rubuta daftari mai kauri, ban bar ko ƙofa ɗaya a buɗe ba: idan kaya suka makara, idan farashi ya tashi, idan ɗaya ya janye. Na aika ina jin na yi ƙoƙari. Sai shiru. Da muka haɗu, shugaban ɗaya ɓangaren ya ajiye takardun a gabana ya ce, "Me muka yi muku da ba ku yarda da mu ba?"

Maigidana a ofis, dattijo mai haƙuri, shi ya warware mini. Ya ce, "Ɗana, a wajenka abin da ba a rubuta ba ya faɗi. A wajensu doka ce take cike gurbin." Gaskiya ya faɗa. A Ingila, Majalisar Dattawa, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta yanke a 1992, a shari'ar Walford da Miles, cewa alkawarin ci gaba da tattaunawa ba abu ba ne da kotu za ta tilasta. A Faransa kuwa, tun gyaran 2016, sashe na 1104 na kundin dokokin nan ya wajabta kyakkyawar niyya tun daga ciniki har zuwa cika alkawari. Don haka yawan sharuɗɗana ya zama zargi a idonsu, gajeruwar takardarsu kuma mutanena suka ɗauke ta wayo. Alhali babu mai mugun nufi a cikinsu. Sai da na kira kowa shi kaɗai, na bayyana masa abin da ɗan'uwansa yake tsoro, sannan aka sa hannu.

Batun shaida ma haka. A wani zaman sasanci a Paris, wato inda ɓangarori suke zaɓar masu yanke musu hukunci a wajen kotu, lauyan abokan hamayya ya riƙa yi wa injiniyanmu Bafaranshe tambayoyin ƙure, kamar yadda aka saba a kotunan Ingila. Mutumin nan bai taɓa ganin haka ba, domin a ƙasarsu shari'ar ciniki ta fi tafiya a rubuce. Ya ɗauka ƙarya ake jingina masa, ransa ya ɓaci, ya ruɗe. Laifina ne, kuma har yau yana damuna. Yanzu ba na barin mai shaida ya shiga ɗaki sai na faɗa masa yadda zaman zai kasance, ba tare da na sa masa magana a baki ba.

Yarjejeniyar New York ta 1958 ta sa ana iya aiwatar da hukuncin sasanci a ƙasashe fiye da 170, kuma babban taimako ne. Amma sai igiya ta tsinke take amfani. Ni na fi son in tari abin tun yana ƙarami, ko da yake hakan yana da tsada: wani lokaci wanda kake wakilta yakan ga kamar ka karkata, don kawai ka fahimtar da shi uzurin ɗaya ɓangaren. Na koyi jure wannan.

Shi ya sa a zaman farko, kafin in rubuta ko layi ɗaya, nake tambayar kowane ɓangare shi kaɗai: idan kaya suka makara da wata guda, me kuke zaton zai faru? Da wuya amsoshin su zo ɗaya, kuma daga inda suka saɓa nake fara rubutu.